Layun da Gwaggo Kulu Ta Ƙona

A unguwar Mabera cikin birnin Sakkwato akwai wani gida mai koriyar ƙofa da dogonyaro a tsakarsa. Mutum uku ne a cikinsa, kuma kowannensu da abin da ya rasa.

Malam Mode shi ne mai gidan. Manomin shinkafa ne a fadamar Kwalkwalawa, wanda a da in ya yi gyaran murya a zaure sai an jiyo shi a bakin titi. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi ana tsakiyar girbi, ya tafi da hannunsa na dama da ƙafarsa da harshensa. Ya bar masa ido, da hannun hagu, da wata rawar kai da ba ta tsayawa, har ba a iya gane ko yarda yake yi ko ƙi. Shi magana ya rasa.

Bara'atu ita ce 'yarsa ta fari, malamar firamare. Mijinta ya rasu, ta gama takaba ta dawo gida jinyar uba, ga shi mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Ita abokin shawara ta rasa.

Ta ukun ita ce 'yarta Aishatu Humaira, mai shekara takwas. Ta rasa uba, amma abin da ta fi yi wa kuka shi ne kakanta, wanda take kira "maigidana", ya daina ce mata mummunar amarya.

A haka Jalaluddeen ya same su.

Yana da shagon haɗa sola da wutar gida a Sama Road. Da ya zo sa musu sola, ya tarar da tsohon yana jiƙe da gumi, fanka na kansa a kashe, babu mai kunna masa sai Bara'atu ta taso daga makaranta. Da ya dawo sai ya zo da wasu 'yan sitika farare, kewayayyu, ba su fi murfin kwalba ba. Ya ce sunansu NFC, ba su da batir, ba su cin wuta. In an kara bayan waya a jikin ɗaya, wayar za ta gane wacce ce, ta aika umarni ga soket ɗin da aka haɗa ta da shi.

Ya liƙa su a hannun kujerar Malam Mode na hagu. Ta fanka, ta fitila, ta rediyo, da ta ƙararrawa wadda ke sa wayar Bara'atu ƙara ko tana aji.

Tsohon ya ƙi karɓar wayar da Jalaluddeen ya miƙa masa. Mutumin da bai taɓa miƙa wa kowa hagu ba, yau a ce ya yi komai da ita? Jalaluddeen ya durƙusa gabansa.

"Baba, hannun da Allah Ya bar maka, shi ne na damanka yanzu."

Malam Mode ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya karɓa, ya kara. Fanka ta juya.

Abin da ya fi taɓa Bara'atu shi ne ƙararrawar. Kasancewarta 'yar fari, ubanta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama hira da ita ba, kamar yadda kunya ta gada. Ran da wayarta ta fara ƙara daga hannunsa, sai da ta fita bayan aji ta share hawaye. Wannan ne karon farko da ya kira ta kai tsaye.

Humaira ta ce ita ma sai an yi mata nata.

"Tunda ni ce matarshi, ni zan riƙa yi mishi magana."

Jalaluddeen ya ɗauki muryarta a waya, ya ƙara sitika biyu. In an kara ɗaya sai a ji siririyar murya ta ce "Awo," wato eh. In an kara ɗayar ta ce "A'a." Daga ranar wasan jika da kaka ya dawo.

"Maigida, ni kyakkyawa ce?"

"A'a."

"Ka sake ni ke nan?"

"A'a."

Sai ta faɗi ƙasa tana dariya, shi kuma gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Ba a jima ba magabatan Jalaluddeen suka zo neman auren Bara'atu. Ƙanen Malam Mode, Baffa Jinaidu, shi ya karɓe su a zaure. Ya ba su ruwa, ya tambayi asali, ya sallame su da cewa za a yi shawara. Suna fita ya shigo tsakar gida.

"Bara'atu! Ashe rundawa ne?"

"Ubanshi mahauci ne, Baffa. Kakanshi ma haka. Bai ɓoye mini ba."

"Kuma kin bari sunka taka ƙofar gidanga? Mu tun kaka da kakanni ba mu ba rundawa ɗiya, ba mu amsar tasu. Mu sayi nama, mu biya, kowa ya kama gabanshi."

"Baffa, naman da hannunsu ya taɓa ya halatta ga tukunyarmu, su ne ba su halatta ga zaurenmu ba?"

"Ni kike ba amsa?"

"Tambaya na yi."

Ya juya ya dubi yayansa da ke zaune a kan kujera a bakin ɗaki, kansa na rawa.

"Ga ubanki nan, kin gani, shina girgiza kai. Kuma tunda ciwo ya kama bakinshi, waliccinki ya dawo hannuna. Ni ba ni tilasta miki kowa, ke ba yarinya ba ce. Amma ba ni ɗaura miki aure da barunde. Ga Sirajo ɗan Gwaggonki Kulu, ɗan uwanki, da aikinshi na ofis. In kin so shi, bismilla. In kin ƙi, ki zauna."

"Baba yana da abin amsawa, a tambaye shi," in ji Humaira daga gindin dogonyaro.

"Wanga abin wasan yara da ke magana da muryarki? Ke rufa mini baki."

Bara'atu ba ta ce a tambaye shi ba. Dalili biyu suka riƙe ta. Na farko kunya, don ba ta san ta inda 'yar fari za ta dubi ubanta ta yi masa zancen aure ba. Na biyu tsoro. Tana ƙarama ta taɓa jin sa da kunnenta yana faɗin irin maganar da Baffa ya faɗa yanzu.

Washegari Sirajo ya zo da ƙanƙararren zoɓo a leda. Taubashinta ne, tun suna yara ba su haɗuwa sai da tsiya.

"Amaryar tsire, an ce har kin fara ƙamshin ƙuli-ƙuli."

"Bawana, wa ya aiko ka? In sharar gida ka zo yi, tsintsiya na bayan randa."

"Aure na zo nema, ranki ya daɗe."

"Bawa ba ya auren uwargijiyarshi."

Ya yi dariya, amma da ya tashi tafiya ya rage murya.

"Wasa a gefe, Bara'atu. Ni da gaske nake."

"Na sani, Sirajo. Shi ya sa ba zan yaudare ka ba. Zuciyata ba ta gare ka."

Ya fita bai sha zoɓon ba.

Gwaggo Kulu ta zo da kanta wata ranar da Bara'atu ke makaranta. Lokacin bazara ne, irin zafin da kan sa kaji su buɗe baki a inuwa. Ta zauna kusa da yayanta tana ba shi labarin taurin kan 'yarsa. Hannunta ya sauka a hannun kujera, ta ji wani abu a liƙe. Ta duba. Ta ɓamɓare ɗaya, ta ɗaga ta a rana. A cikinta akwai wani siririn zare mai ƙyalli, an naɗe shi zagaye-zagaye kamar hatimi.

"Innalillahi! Layu!"

Humaira, wadda ba ta je makaranta ba saboda zazzaɓi, ta fito da gudu.

"Gwaggo, ba layu ba ne, na fanka ne!"

"Yo ai haka za a ce miki. Shi ya sa uwarki ba ta ji ba ta gani. An kafe ta, an kafe tsoho a kujera ɗaya!"

Malam Mode ya ɗora hannunsa na hagu a kan sauran. Ta ɗauke hannun a hankali, cikin tausayi.

"Yi haƙuri, Yaya, ba ka san abin da anka yi maka ba."

Ta ɓamɓare su duka, ta zuba a murhu, ta tsaya har suka narke. Ta kashe fankar daga bango don ta ce ba ta yarda da iskar da barunde ya haɗa ba. Ta ɗauki mafici ta yi masa fifita har hannunta ya gaji, sannan ta yi addu'a ta tafi da zuciya wasai.

Da Bara'atu ta dawo, ta tarar da Humaira tsaye a kan turmi tana ƙoƙarin kai hannu ga makunnin fanka. Ubanta kuwa rigarsa ta manne da jikinsa, yana ta kara waya a kan itacen kujera, wurin da ƙararrawa take a da. Yana karawa, yana sake karawa, babu abin da ke amsawa.

Ta kunna fankar. Ta goge masa fuska. Ba ta yi kuka a gabansa ba.

Ta ɗauki mayafinta ta tari Keke Napep zuwa Sama Road.

Jalaluddeen na ganin idanunta ya ajiye abin da ke hannunsa, ya jawo mata benci a bakin shago. Tana gama ba shi labari ya sunkuyar da kai.

"Fankar Baba anka kashe saboda ni?"

"Saboda jahilci anka kashe ta."

"Maman Humaira, ki saurare ni. Ina aji uku yara sunka fara toshe hanci in na zauna, wai ina warin mahauta. Na saba. Amma ban saba a wahalar da mara lahiya don ni ba. Zan aiko a mayar mishi da sitikarshi, ni kuma in janye."

"Ka janye?"

"Ki zauna lahiya da danginki. Ni baƙo ne, su jini ne."

Hawayen da ta riƙe tun daga gida suka zubo.

"Malam Jalalu, ka san abin da na gani yau? Ubana yana kirana da katako. Yana bugawa, yana bugawa, ni ina can ina koya wa 'ya'yan mutane karatu. Danginshi da kake faɗa, wa ya taɓa tsayawa ya tambaye shi ko yana jin zafi? Suna zuwa su zauna kanshi su yi ta magana kamar a gaban buhun gero. Kai kaɗai ka durƙusa ka yi magana da shi, ba a kanshi ba. Yanzu kai ma za ka tafi don a ce ka yi kawaici?"

"Ba gudu nake ba."

"To mi ne ne sunanshi?"

Idanunsa sun kaɗa.

"In Baban da kanshi ya ce a'a fa?" ya tambaya. "Kin taɓa tambayarshi?"



"Ban taɓa ba."

"Kin gani."

"In ya ce a'a, na haƙura har abada, don ubana ne. Amma daga gare shi zan ji, ba daga bakin wanda ya ari bakinshi ba." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ran Juma'a Baffa zai tara mutane kan maganar. Ba ni sababbin sitika waɗanda ba a sa musu komai ba. Kuma ka koya mini yadda ake haɗa su. Ba na son hannunka ya taɓa su, don kada a ce."

Ya ɗauko su a 'yar leda. Ya nuna mata manhajar, yadda ake ɗaukar murya, yadda ake kara sitika a ɗaura mata aiki. Ta yi kuskure, ya sake nunawa. Ta sake, har ta iya.

Tana miƙewa ya ce, "Ran Juma'a ina nan ƙofar gidanku. Ba ni shiga. Amma ko wace amsa ce, a tsaye za ta same ni."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Baffa Jinaidu ya tara mutane a tsakar gidan, a gaban kujerar yayansa. Ya gayyato Liman Abdulshakur, tsohon limamin unguwa, don ya shaida cewa walicci ya koma hannunsa. Gwaggo Kulu na gefe a kan tabarma. Sirajo na tsugune kusa da randa.

Ba a kira Bara'atu ba. Ta fito da kanta, Humaira na biye da ita, ta durƙusa ta gaishe su.

"Koma ɗaki," in ji Baffa. "Maganar manya ce."

"Maganata ce, Baffa. Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Wanda ba ya iya magana, amma yana da hankalinshi, yana iya nuni a gane, walicci ya fita hannunshi?"

Liman ya shafa gemu.

"In nunin nashi a fili yake, ana gane shi ba da shakka ba, to yana nan a matsayinshi."

"Nuni ina?" Baffa ya ce. "Kai na rawa dare da rana. Abin da ke magana kuwa Kulu ta ƙone, kuma ko yana nan, abin da barunde ya zuba mishi shi zai faɗa."

Bara'atu ta buɗe tafin hannunta. Gwaggo Kulu ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Ta sake kawo su!"

"Gwaggo, riƙe ki gani, babu komai cikinsu tukuna. Baffa, ba muryar Humaira za a sa ba, ba ta kowa ba. Taka za a sa. Kai za ka ce awo, kai za ka ce a'a, kai za ka liƙa su inda ka ga dama. Sannan ka tambaye shi abin da ni ban sani ba, Malam Jalalu bai sani ba. In ya kasa, na yarda kai ne waliyyina."

"Ni zan tsaya wasan yara?"

"Jinaidu," in ji Liman a hankali, "ɗiyar nan ta yi adalci. In wasa ne, yanzu za mu gani."

Bara'atu ta miƙa wa Baffa wayar ubanta, ya fizga. Ya kai ta bakinsa kamar mai tsawata wa jaki.

"Awo!"

Bara'atu ta kara sitika ta farko.

"A'a!"

Ta kara ta biyu. Baffa ya karɓa, ya liƙa su a hannun kujera, ya ɓamɓare, ya sauya musu wuri, ya sake sauyawa. Bara'atu ta sa wayar a hannun ubanta. Tsohon ya gwada kowacce sau ɗaya don ya san wurinta. Muryar ƙanensa ta cika tsakar gida.

Baffa ya tsaya yana tunani. A goshinsa akwai wani tsohon tabo. Duk Mabera an san labarinsa, domin ya sha faɗa a majalisa cewa doki ne ya kayar da shi yana saurayi. Ya yi murmushi, don ya tabbata in an shirya abin, labarin da kowa ya sani za a bi.

"Yaya, wanga tabo na goshina, doki ya kada ni?"

Hannun ya tashi a hankali, yana karkarwa.

"A'a!"

Murmushin ya ɓace. Sirajo ya ɗago kai. Gwaggo Kulu ta saki carbinta, ta matso da gwiwa har gaban kujerar.

"Yaya Mode... ni ce na rotse shi da muciya, ran da ya sha mini fura?"

"Awo!"

Sirajo ya tuntsire da dariya, Liman ya rufe baki da hannun riga. Amma Gwaggo Kulu ba ta yi dariya ba. Ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni Kulu! Ashe kana ji? Duk abin da muke faɗa kana ji? Ran da na ƙone maka abinka, da ka ɗora hannu, hana ni kake?"

"Awo!"

Ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa tana neman gafara.

Liman ya gyara zama.

"To, Jinaidu, nuni ya fito fili. Mai ɗiya na nan. Sai a tambaye shi."

Fuskar Baffa ta yi baƙi, amma bai ja da baya ba.

"Na ji. Ni ma na san yayana, na san abin da ubanmu ya hore mu da shi. Yaya, ka ba Sirajo Bara'atu?"

"A'a!"

"Alhamdulillahi, an raba ni da wahala," in ji Sirajo, yana dariyar da ba ta kai ido ba. "Da na mutu ina shara."

Baffa ya matso, ya sunkuya daidai fuskar yayansa.

"To ga tambayar gaskiya. Ka yarda jinin gidanmu ya gauraya da na rundawa? Ka yarda a riƙa nuna jikokinka ana cewa ga 'ya'yan mahauta?"

Malam Mode ya dube shi. Ya ɗaga wayar. Ta tsaya a sama tsakanin sitika biyun, tana rawa.

Sai ya kifa wayar a cinyarsa, ya kau da kai.

"Kun gani!" Baffa ya miƙe. "Ya kasa cewa awo. Shiru ma amsa ce. Magana ta ƙare."

Bara'atu ta tuna alkawarin da ta yi a bakin shago. Ta fara tattara mayafinta za ta tashi, sai Humaira ta riƙe mata zane.

"Mama, ba ke ya kau wa kai ba. Baffa ya kau wa. Haka yake yi mini in na yi mishi tambayar banza."

Bara'atu ta dubi ubanta. Idanunsa na kanta. Ba ta tuna ranar da ya taɓa kallonta haka kai tsaye ba.

Ta ja gwiwa har gabansa. Gwaggo ta matsa mata.

"Ke, ba ki da kunya?" Baffa ya daka mata tsawa. "Ɗiyar fari ta yi wa ubanta zancen miji?"

"Kunyar ce ta sa anka yi ta magana da bakinshi, Baffa. Yau na ajiye ta."

Ta juya. Hawaye na bin kumatunta, amma muryarta ba ta karye ba.

"Baba, ni ce Bara'atu. Ban taɓa roƙonka komai ba, don ban san ta inda ake farawa ba. Mutumin nan ɗan mahauta ne, ba ya ɓoyewa, ni ma ba zan ɓoye ba. Yana salla, yana neman halalinshi, kuma ka ga yadda ya yi da kai. Ina son shi, Baba. In ka ce a'a, wallahi ba zan sake ambatonshi ba, kuma ba zan riƙe ka a zuciya ba. Amma kai nake so ka faɗa. Ka ba Jalaluddeen aurena?"



Hannun hagu ya lallaɓa ya ɗauki wayar. Ya ɗaga ta da ƙyar. Ta zame, Humaira ta yunƙura za ta taimaka, Liman ya ɗaga mata hannu.

"Bar shi. Kada kowa ya taɓa."

Tsohon ya sake kamawa. Ya kai ta. Ya kara.

"Awo!"

Bai ɗauke hannun ba. Ya sake karawa.

"Awo!"

Muryar Baffa Jinaidu ce, da ƙarfinta da tsawarta, ta tashi har bisa katanga, har ƙofar gida inda wani mutum ke tsaye a rana tun da aka sauko masallaci.

"La!" in ji Humaira. "Baffa ne ya ba da Mama!"

Baffa ya zura takalmansa.

"Malam, ka shaida. Ba da bakina ba."

"Da muryarka dai, Jinaidu," in ji Liman. "Amma na shaida ba kai ka bayar ba. Mai ɗiya ya bayar."

"To ku ɗaura. Ƙafata ba ta taka wurin. Kuma zan tafi Kwalkwalawa in gaya wa dangi kaf, mu ga wanda zai zo ya ci goron rundawa."

Ya dubi Gwaggo Kulu, yana jiran ta tashi ta bi shi. Ta dube shi, ta dubi yayansu, ta gyara zamanta a kan tabarma.

Ya fita shi kaɗai. A ƙofar gida ya yi kiciɓis da Jalaluddeen, wanda ya durƙusa ya gaishe shi. Bai amsa ba.

Bara'atu ta bi bayansa da kallo. Ta san abin da tafiyarsa Kwalkwalawa za ta jawo, ta san akwai gidajen da za su rufe mata ƙofa. Ta share hawayenta, ta buɗe 'yar ledar, ta fara mayar da sauran sitikar ɗaya bayan ɗaya: ta fanka, ta fitila, ta rediyo. Da ta zo kan ta ƙararrawa, ubanta bai jira ta gama gyara zama ba. Ya kara. Wayarta ta yi ƙara a cikin jaka, ga ta durƙushe a gabansa.

"Na'am, Baba," ta ce. "Ga ni."

Humaira ta hau hannun kujera na dama, ta leƙa fuskar kakanta.

"Maigida, a cire muryar Baffa a mayar da tawa?"

"A'a!"

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

A ranar Humaira ta gane cewa kakanta yana jin duk abin da ake faɗa a gabansa, kuma har yanzu shi ne mai gidan.